Dutsen Marika

Yorkton, Saskatchewan
Oktoba, 1971

Zuwa ga 'yata Olesia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a wannan ƙasa taku ta rana da ƙaya. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da ta ƙi jin magana. Likita ya ce in daina hawa tsani, na ce in ya ga dama ya riƙa zuwa yana hau mini. Mahaifiyarki ta zo daga Winnipeg, ta cika mini firji da pirohi, abincin nan namu na gida, ta cika mini kunne da faɗa, ta koma. An gama yankan alkama, sanyi ya fara leƙowa.

Ba ciwon gwiwa ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tun da muka binne matata, Innarki Marika, bara, akwai alkawarin da ya hana ni sakat. A kakar 1952, kina 'yar mitsitsiya, ni da ita muka ɗauki hoton sama da madubin hangen nesan da na goge da hannuna. Ita ke riƙe da agogo, ni ina bin tauraro. Da muka wanke gilasan hoton, ita ce ta ga ɗigon da ya gusa daga inda yake jiya, ba ni ba. Dutse ne, cikin waɗanda ke kewaya rana tsakanin Mas da Jupita, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa. Sau uku muka kama shi, muka aika wa kwamitin da ke rajistar duwatsun sama, suka ba shi lambar wucin gadi. Daga nan hadari ya rufe mu har dutsen ya yi nisa ya ɓace mana.

Dokar kin fi ni saninta, tunda da ita kike cin abinci. Ba a raɗa wa dutse suna sai an san hanyarsa sarai, an sake ganinsa inda lissafi ya ce. Wanda ya fara ganinsa shi ke raɗa sunan, kuma ba ya sa nasa. Na ce wa Marika nata zan sa. Ta yi dariya ta ce, "Danilo, kai da ba ka iya gano safarka da safe?"

Na yi iya yina. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da lissafi a sakandare, gani uku ya ishe ni in zana hanyarsa. Amma Jupita, wannan ƙaton azzalumi, duk wucewa sai ya fizge shi kaɗan, kuma fizgar shekaru masu yawa haka ta fi ƙarfin fensir da tsohon ido. Ku kuna da injin nan mai haɗiye kati yana amayar da lambobi. Ga awon gilasan uku nan a ambulan. Ki nemo mini shi.

Ki dai yi hattara da manyanku. Na san irinsu, na zauna da su a taro. Suna maganar sama, idonsu na kan farantin na kusa da su.

Kawunki,
Danilo

Tucson, Arizona
Disamba, 1971

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Don Allah ka bi maganar likita, tsanin nan ya girme ni. Ni lafiya lau, sai mura da na kwaso a kan tsauni, inda madubinmu yake. Mutane na ganin Arizona ba sanyi, su hau can sama su gani.

Kawu, zauna kafin ka karanta sauran. An same shi!

Na huda awonka a kati na ba inji. Da farko shirme ya yi ta fitarwa, don gani uku a kusa da juna ba ya ɗaure hanya, kamar a ba mutum taku uku ne a ce ya faɗi garin da matafiyi zai kwana. Sai na riƙa ƙara fizgar Jupita shekara bayan shekara, na sa ta tauraron Satan ma, ina gwada hanyoyi iri-iri. Na shiga ɗakin ajiyarmu na tono tsofaffin gilasai, na tarar da shi ya leƙa a gefen wani hoto na 1960, ba wanda ya kula. Da wannan hanyar ta kama. Lissafi ya ce yanzu haka yana kusa da mu.

Ni ba ni da izinin taɓa babban madubi, mai lissafi ce kawai. Dole na kai wa shugabanmu, Farfesa Aldridge. Ya duba takardun, ya ɗaga gira, ya ce, "Malama Olesia, wane manomi ne ya ɗauki waɗannan?" Na ce ba manomi ba ne, shi ya koya mini lissafi. Ya dai yarda aka juya madubi. Ga shi nan zaune, ɗan tazara kaɗan daga inda na ce. Na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi, ina tuna Inna.

Abin da ya rage aikin takarda ne, Farfesa ya ce a bar masa, shi ya san mutanen kwamitin. Ka ga ba duka manya ne suka lalace ba. Ka gaida Fada da mutanen coci, ka ci kutiya, abincin Kirsimetinmu, har da rabona.

'Yarka,
Olesia

Yorkton
Afrilu, 1972

Olesia,

Ina fatan kina lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani, tunda wasiƙa biyu na aika ba amsa. Ni ina nan da rai. Ƙanƙara ta narke, gari ya zama taɓo.

Bari in gaya miki abin da na yi da wasiƙarki ta Disamba. Ranar Kirsimetinmu na miƙe a zauren coci, gaban kowa, na karanta ta da ƙarfi. Tsofaffin ƙawayen Marika suka yi ta share hawaye da bakin kallabi. Fada ya sa albarka. Har yau in na shiga kanti sai an tambaye ni, "Malam, yaushe za a sa sunan?"

Shekaranjiya takardar sanarwar kwamiti ta iso, wadda nake karɓa tun kafin ki iya ɗaura takalmi. Na sa gilashi na karanta, na goge gilashin na sake karantawa. Wai sabon dutse, wanda ya gano shi Aldridge, a Arizona, 1971. Ƙasa da ƙananan baƙaƙe: lissafin hanya, Olesia Tkachuk. Sunana babu, na Marika babu, 1952 babu, sai ka ce ba a yi shekarar ba.

Tir! Wallahi sai da na tashi na wanke bakina, don wani ɗaci ya cika shi. Shi ban yi mamakinsa ba, an ba kura ajiyar nama. Amma ke? Sunanki ne a ƙarƙashin nasa, kin zauna daram kamar 'yar rakiya. Me aka yi miki alkawari? Ofis mai taga? Matar da kika sayar ita ta riƙa yi miki kitso lokacin da mahaifiyarki ke kwance a asibiti. Yanzu na gane shirunki, mai gaskiya ba ya ɓuya haka.

Kada ki wahalar da kanki da bayani. Tsakanina da ke, maganar dutsen nan ta ƙare. Ki zauna da farfesanki, Allah Ya ba ku zaman lafiya.

Danilo

Tucson
Mayu, 1972

Kawu,

Ina gaisuwa, ko ba za ka amsa ba. Ina fatan taɓon ya bushe, gwiwa kuma ta lafa. Ni ba na barci sosai, abinci ma turawa nake yi.

Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Na yi shiru ne don kunya, ba don an saye ni ba. Ban ga abin da ya aika ba sai da aka buga. Na shiga ofishinsa ba ko ƙwanƙwasawa, na ce, "Farfesa, ina sunan kawuna?" Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce ɗigo uku na ɗan koyo ba ganowa ba ce, hotunansa ne suka ɗaure hanyar. Na ce da lissafin wa aka san inda za a juya madubin? Ya ce, "Da injin gidan nan, a lokacin aikin gidan nan. Rufe mini ƙofa in za ki fita."

Ka san abin da zai yi da shi? Tunda doka ta hana mutum sa sunansa, sai suka ɓullo da musaya. Ba ni gishiri in ba ka manda. Yana da wani aboki a gabas, Dokta Vandermeer. Shi zai sa wa dutsenmu Vandermeer, wancan kuma ya sa wa nasa Aldridge. A wata liyafa na ji su da kunnena, kowa riƙe da kofi, suna ciniki kamar dillalan shanu. "Naka ya kai nawa girma kuwa? Kada ka ba ni tsakuwa in ba ka tsauni." Suka tuntsire da dariya. Naman da ke bakina na tofa a tsumma. Waɗannan su ne mutanen da na yi ta haddace sunayensu ina ɗaliba.

Abin da ya rage kawai a ba dutsen lamba ta dindindin, sannan su raɗa. Na ga ka ce magana ta ƙare, na san ka gaji, ka haƙura. Kana da gaskiya, wa zai saurari tsohon malamin sakandare a kan shugaban gidan taurari? Amma ni ban haƙura ba. Ko ta halin ƙaƙa sai sunan Inna ya hau sama.

'Yarka,
Olesia

Tucson
Satumba, 1972

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba ka amsa ta Mayu ba, amma Mama ta ce ta gan ka, kana nan da ƙarfinka har kana zagin gwamnati. Na ji daɗi. Ni ma na ɗan murmure.

Yau da albishir na zo, ka shirya goro. Tun bazara nake damun Farfesa, in ya bi nan in bi, har ya fara canza hanya in ya hango ni. Kwatsam a watan Yuli sai shi da kansa ya kira ni, da fara'arsa har da miƙo mini kujera. Ya ce ya yi tunani, bai kyauta wa dattijo ba. Ya jawo aljihun tebur, ashe yana da duwatsu birjik da ya gano tuntuni, masu lamba, ba suna, ya tara su kamar gwangwanaye. Ya ce in zaɓi ɗaya a sa masa Marika, shi zai sa hannu, kuma zai sa a gaggauta.

Na san ba shi ne naku ba. Na tsaya ina jin ƙyamar kaina, ina karɓar sadaka daga hannun ɓarawo. Amma na ce da babu gara ba daɗi. Na zaɓi mai kyakkyawar hanya, kusan da'ira, ba ya karkata sosai. Jiya sanarwa ta fito, an buga, ga ta nan na yanko maka. Marika, baƙi a kan fari, kuma ka san sunan da aka buga ba a soke shi har abada.

Ka kai coci ka karanta musu, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka yafe mini, Kawu.

'Yarka,
Olesia

Yorkton
Satumba, 1972

'Yata Olesia,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina cin abinci, mahaifiyarki ta ce kin rame. Ni garau nake, yau ko sanda ban ɗauka ba. Rabona da jin labarinki tun wasiƙar Mayu. Na karanta ta, na gane na yi miki mugun zato, amma na rantse ba zan rubuta miki ba sai da abin faɗa a hannuna.

Wa ya ce miki na haƙura? Cewa na yi tsakanina da ke magana ta ƙare, don in cire ki daga ciki kada su kore ki daga aiki. Tsakanina da su kuwa a ranar ta fara. Na rubuta wa kwamiti, suka yi shiru. Na sake, suka aiko mini da layi biyu na rainin hankali. Sai na naɗe gilasan nan uku a bargon Marika, na hau jirgin ƙasa, na je na zauna a ƙofar ofishinsu da burodina da tsiran alade. Sakatariya ta ce babu kowa. Na ce ba komai, ni ɗan fansho ne, ba inda za ni. Da suka gaji da warin tafarnuwa suka buɗe. Suka tono rajistarsu ta 1952, ga lambarmu nan, ba wanda ya goge.

Tun watan Yuni suka rubuta wa farfesanki cewa ya kawo hujja ko ya janye. Bai kawo komai ba. Yau takarda ta iso: ni ne na gano, ni ke da suna. Vandermeer sai ya nemi wani dutsen ya jingina.

Gobe zan aika musu da sunan, haruffa shida. Na je kabarin Marika ɗazu na gaya mata, na ce to mai dariya, sai ki sake wata. Ki zo Kirsimeti, 'yata, zan yi miki miyar borsh da kaina, ko da ba za ta kai tata ba. Komai ya wuce.

Kawunki,
Danilo

Tucson
Oktoba, 1972

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba, don na san yanzu tawa ta iso hannunka. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya.

Wayyo Allah, garin neman gira na rasa ido. Ba a sa wa duwatsu biyu suna ɗaya. Na san wannan doka kamar sunana, kullum da ita nake aiki, amma ban kawo ta a raina ba tunda na ɗauka naku ya riga ya tafi.

Yuni, ka ce. Shi kuma a Yuli ya miƙo mini kujera. Ashe ya riga ya san ya faɗi. Na je na same shi da wasiƙarka a hannu, na ce, "Ka sani!" Ya jingina da kujera yana murmushi ya ce, "Malama Olesia, ke kika zaɓa, ke kika rubuta sunan da hannunki. Ni alheri na yi." Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta ranar ba. Har turarensa sai da na ji yana bin rigata, na je gida na jiƙa ta.

Na kira kwamiti ta waya, na roƙa har muryata ta dushe. Sun ce abin da aka buga ya bugu. Na ce a sa Marichka, suka ce ya yi kama da wancan, za a rikice. Sun ce za su karɓi sunan gidan su Inna na kafin aurenta, ko sunan ƙauyen da aka haife ta. Ka duba ko ɗaya zai yi.

Akwai abin da gara ka ji daga bakina. Wanda na zaɓa ƙarami ne, kuma yana can nesa. Na yi lissafin haskensa a duk kusantowar da zai yi nan gaba. Madubinka ba zai taɓa kama shi ba. Naku kuwa zai dawo kusa a farkon shekara, ga jadawalin inda zai bi na haɗo maka.

Ban da bakin neman gafara. Na fara neman aiki a wani wuri.

Olesia

Yorkton
Maris, 1973

Olesia,

Ina gaisuwa. Ina fatan sabon wurin aikin ya karɓe ki, mahaifiyarki ta ba ni adireshin. Ni gwiwa ta dawo da abokiyarta, yanzu duka biyun ne. Sanyin bana bai yi mana da wasa ba.

Na daɗe ban rubuta ba don duk abin da na fara sai ya fito da zagi, kuma na gaji da zagin wanda bai kamata ba. Ba cutata kika yi niyya ba, na sani. Amma ba zan ɓoye miki ba, ranar da na buɗe ambulan na ga 'yar takardar nan da kika yanko, sai da na fita waje na yi amai a kan ƙanƙara. An ciro wani dutse daga aljihun tebur, wanda ba ta taɓa gani ba, wanda wannan mutumin ya taɓa da hannunsa, an liƙa masa sunan matata. Kuma wai in kai coci in karanta. Haba, Olesia. Ni in tsaya gaban matan da suka wanke gawarta in yi musu rufa-rufa?

Na gaya musu gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Kowa ya tashi ya kama hanyar gida. Yanzu a kanti an daina tambayata, sai dai a yi mini sannu kamar an yi sabon rashi.

Kwamiti sun rubuto sau biyu suna jiran suna. Sunan gidansu na ubanta ne, mashayin da ya kore ta ba ko akwati don ta aure ni. Ƙauyen kuwa tana goye aka fito da ita, ba ta san shi ba. Sunanta ɗaya ne, shi na yi alkawari. Na amsa musu cewa su bar shi da lambarsa. Sun ce in na daɗe ban raɗa ba, wata rana haƙƙin zai koma hannunsu. Na ce su jira in mutu, ba za su daɗe ba.

Makon jiya sama ta washe. Na hau tsanin, kada ki gaya wa likita. Na bi jadawalinki, na juya madubi, ga shi nan daidai inda kika ce, ko gashi bai kauce ba. Lissafinki ba shi da aibi, 'yata, wannan kam ban koyar a banza ba. Rabona da shi tun tana tsaye a gefena. Na daɗe ina kallonsa har idona ya fara ruwa, na buɗe baki in yi masa magana, sai na rasa da me zan kira shi. Na rufe madubin na sauko.

Kawunki,
Danilo